Bakwai ga Watan Rajab

Ranar da Zubair ya fara ganin Zuhura, yana durƙushe ƙarƙashin teburinta yana neman wajen jona waya. Daga Damagaram aka turo shi likitar Gure, asibitin garin, ya saka musu program a ordinata, wato kwamfuta, wanda zai riƙa faɗin ranar da za a dawo da kowane jariri rigakafi. Ita ce mai rubuta sunayen jarirai. Ya ɗago don ya ƙara kallonta, sai ya gwara ƙeya da tebur.

"Sannu," ta ce tana danne dariya. "To wannan abin naka, yaya yake sanin ranaku?"

"Bai san Litinin ba, bai san wata ba, lamba kawai ya sani. Ɗaya ga Janairun 1970 ita ce sifili, washegari ɗaya, haka har yau. Sai in mayar da rana lamba, in ƙara kwanakin da ake so, in sake mayar da ita kwanan wata."

"Ashe har ranar haihuwata lamba ce a wajenka, Malam Lamba."

Sunan ya bi shi har Damagaram. Soyayya kuwa ta yi masa mugun kamu, bawan Allah ya zama ba ya iya cin tuwo sai ya duba waya.

"Zuzu, Damagaram babu daɗi in ba ki."

"Malam Lamba, daɗin bakinka ya yi yawa. Ka ci abinci kuwa?"

Mahaifinta, Malam Aisami, bai so zancen ba. Ya fi son Fadilu, ɗan maƙwabcinsa, wanda ya girma a gaban idonsa. Da ya ga 'yarsa ta kafe, ya kira Zubair ya ce, "Ban san ka ba, yaro. Amma ka turo manyanka ran bakwai ga Rajab, in ga irin mutanen da kuke."

Magana babba irin wannan, Zubair bai yarda ya bar wa ƙwaƙwalwarsa ba. Ya ba ordinata bakwai ga Rajab, ta mayar da ita lamba, ta fito masa da Juma'a. Abin da ya manta shi ne, program ɗin lissafi yake yi, wata ɗaya talatin, na biye ashirin da tara, ba ya ɗaga kai sama. Ya ce wa kawunnansa Juma'a, bai ambaci wata ba, ya wuce aiki Alakos inda babu rezon waya.

A Gure kuwa an ga wata kafin lissafinsa da kwana ɗaya. Bakwai ga Rajab ta faɗo Alhamis.

Malam Aisami ya yanka rago, dangi suka zo daga Kelle, aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Har la'asar ko tsuntsu bai zo ba. Sai a hanyar dawowarsa daga Alakos saƙon Zuhura ya shigo wayar Zubair.

"Kuna ina? Abinci ya huce. Baba ya daina magana. Zubair, don Allah."

Washegari kawunnansa suka iso, Malam Aisami ya ƙi fitowa. Aike ya yi musu: raini ne, kuma ba ya ba mai raina shi 'ya.

Zubair ya aika limami, ya aika abokan tsohon, duk a banza. Yaya zai yi ya fahimtar da dattijon da ya ji kunya gaban danginsa cewa lamba ɗaya ce ta goce? Fadilu ya dawo da zaman zaure. Zuhura ta rame, shi ma ya rame, ya zauna gaban ordinata yana kallonta kamar wadda ta ci amanarsa.

A ƙarshen wata ta rubuto masa: "Gobe Baba zai fita duban wata a tudun yamma da gari. Ban san me za ka ce masa ba. Amma ka zo, masoyina."

Ya zo, ya tsaya can bayan mutane. Rana na faɗuwa Fadilu ya miƙa hannu. "Ga shi can!" Kowa ya gani, aka ɗauki kabbara. Zubair ya ware ido, ya goge tabarau, ya sake dubawa. Babu komai sai jan sama.

Malam Aisami ya waiwayo. "Kai fa? Ka gan shi?"

Da ya ce i, ai da an wuce wajen. Amma ya faɗi gaskiya. "Wallahi Baba ban gan shi ba. Ban ma san inda ake dubawa ba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Hawaye ne sosai a fuskar yaron.

"Ashe ba raini ba ne," ya ce a hankali. "Ba a taɓa nuna maka ba ne."

Ya kama kan Zubair da hannu biyu, ya juya shi kaɗan hagu, saman wata bishiyar aduwa. Ga shi nan siriri kamar yankan farce.

"Na gan shi, Baba!"

"To yau ɗaya ga Sha'aban. Ka ƙirga da yatsunka, ran goma ka dawo da manyanka."

Tun ran tara suka kwana a Gure. Aka ɗaura aure kafin azumi, dangin Kelle suka dawo, wannan karon abinci bai huce ba. Da za a kai amarya, Malam Aisami ya dafa kanta, ya ce, "Ki riƙe shi da kyau, 'yata, yaron ba ya ƙarya. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya albarkace ku da zuri'a ɗayyiba."

Zuhura ta ce amin cikin mayafi, tana kuka tana dariya.