Keken Da Ba Ya Barin Ɗaki

Ranar Lahadi ce, gidan su Annelien a garin Oudenaarde ya cika da ƙamshin naman sa da soyayyen dankali. Babanta Gust ya kafa wa talabijin ido ana tseren keke. Shi ma tsohon ɗan tsere ne, kofunansa bakwai suna jere a saman kabad, ba mai goge su sai shi.

A ƙarshen tebur saurayinta Joren ne zaune, sandunan dogarawarsa jingine da bango. Wata huɗu ke nan da ya zame a titin duwatsu ana tsakiyar tsere, ƙugunsa ya karye aka sa masa ƙarfe. Kafin nan Gust ba shi da zance sai na "ɗana Joren". Yanzu ko gaisuwarsa da ƙyar yake amsawa.

"Baba, jiya mun je shago," in ji Annelien da murnarta. "Likitar gashin ƙashi ta ce ya fara da keken ɗaki, minti goma a rana. Mun gwada har biyar. Mai sirdin tsere yana sa shi sunkuyo, ƙugun ya ɗauki zafi. Sai muka zaɓi mai kujera da majingina, wanda ba sai ya ɗaga ƙafa ba kafin ya hau—"

Gust ya fashe da dariya har da dukan tebur.

"Mai kujera! Irin na gidan tsofaffi? Ku haɗa masa da bargo da jarida mana!"

"Haba Gust!" matarsa Godelieve ta katse shi.

"Ƙarya na yi? Keke ba hanya, ba iska, mutum ya yi ta juya ƙafa yana kallon bango! Ni sau biyu ina karya kafaɗa, sati uku na koma atisayen keke a kan rola. Namiji in ya faɗi tashi yake yi. Wanda zuciyarsa ta mutu kuwa, ba 'yata ce za ta ƙare kuruciyarta tana jinyarsa ba."

Joren ya ajiye cokali, kunnuwansa sun yi ja. Ya jawo sandunansa suka tafi.

Ranar Talata Annelien na makarantar da take koyarwa, Joren ya sauko da tsohon kekensa na tsere, ya ɗora shi a kan rola, wato ƙarafan nan masu juyi da ba abin da ke riƙe keke a kansu sai gwanintar mai tuƙi. Sabon keken mai kujera yana gefe, ko ledarsa ba a cire ba. Bai cika minti ɗaya ba ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya kifa a kan ƙugun nan dai.

Aka sake yi masa aiki. Likita bai ɓoye ba, ya ce tafiya za ta dawo in an bi a hankali, amma tsere ya ƙare har abada.

Da Annelien ta shigo ɗakin asibitin, ya juya mata baya.

"Ki tafi, Annelien. Babanki ya yi gaskiya."

"Gaskiyar me? Maganarsa ka bi ka ga inda ta kai ka!" Hawaye ya ɓalle mata. "Kai a ganinka keke na ce ina so? In kofi nake nema ai ga su nan bakwai a gidanmu, ba wanda ya taɓa tambayata ya na kwana!"

A gida kuma ta tarar da Gust ya cika ya batse.

"Ni ban ce ya hau ba," ya ce. "Amma ki ji da kyau, in kin aure shi, ba da ni ba."

"Baba, ko duba shi ba za ka je ba?"

"In duba me?"

Ranar ta haɗa kayanta ta koma gidan ƙanwar mamanta.

Bayan wata biyu aka cire wa keken leda. Annelien ta daidaita kujerar yadda gwiwa ba za ta miƙe gaba ɗaya ba, ta mayar da nauyin feda mafi sauƙi, ta kunna fanka, ta ajiye gorar ruwa. Minti biyar kawai aka yarje masa. Mutumin da ya saba cin kilomita ɗari biyu a yini, a minti na uku gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya yi jifa da gorar.

"Wannan wulaƙanci ne!"

"Na ji. Saura minti biyu," ta ce, ta ɗauko gorar ta mayar.

Haka suka yi ta yi. Abokan tserensa suka zo sau biyu, suka ɗauke ƙafa. Wata rana ya yi mata tsawa, wata rana ya ba ta haƙuri. Ita ma takan shige kicin ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito. Biyar ta zama takwas, takwas ta zama sha biyar. Ranar da ya ce a ƙara nauyi don ya huce haushi, ta ce sai likita ta yarda, suka yini ba sa magana. A wata na tara ya yi minti arba'in, ya sauka ya taka har kicin ba sanda, ya ce mata, "Malama, akwai gahawa a gidan nan kuwa?"

A watan Mayu aka ɗaura aurensu a ofishin magajin gari. Joren ya hau matakalar da ƙafarsa, yana ɗingishi kaɗan, ɗingishin da zai zauna da shi har tsufa. Godelieve ta zo ita kaɗai. Annelien ta yi ta waiwayen ƙofa har aka gama sa hannu.

"Babanki ya ce yau akwai tsere," mamanta ta faɗa mata ƙasa-ƙasa, ba ta iya haɗa ido da ita ba.

Annelien ta share ido, ta kama hannun mijinta suka sauka a hankali, mataki ɗaya bayan ɗaya.

Haƙurinta ya mayar mata da miji a kan ƙafarsa, amma bai mayar mata da uba ba. Iyaye su ji tsoron harshensu: gorin minti ɗaya ya raba yaron nan da sana'arsa, ya raba Gust da 'yarsa. Mai neman tashi bayan faɗuwa kuwa, ya ɗauki abin da jikinsa zai iya, ya bar masu dariya su yi ta yi.