Sirrin Gidan Malam Shitu

Mubina tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, wayarta a kan cinya sai ƙara take yi. Kwana tara ke nan da ta saki labarinta na farko a wani zauren masu karatu na waya, kuma har yau saƙonnin yabo ba su tsaya ba. Umma da ke wanke-wanke a bakin rijiya ta ce in ba ta ajiye wayar nan ba, da tsakuwa za su ci abincin rana. Mubina ta yi dariya, ta ce ai yanzu marubuciya ake yi wa faɗa, a riƙa sassautawa.

Shekararta goma sha tara. Tun tana aji biyu a sakandare ta gano laburaren makarantarsu a Karaye, wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da kantoci huɗu, wanda Malama Ummu Hani ke riƙe da makullinsa. Kafin ta gama makaranta babu littafin Hausar da ba ta karanta ba a ciki, har waɗanda gara ta cinye ƙarshensu, ita take ƙirƙira musu ƙarshe a bayan littafin lissafinta. Da ta gama, Malama ta bar ta tana zuwa taya ta jera littattafai. A nan ta haɗu da Zulkifilu, kafinta ɗan Ruwan Bago ta ƙasar Rogo, wanda aka ɗauko ya gyara kantocin. Aikin kwana biyu sai da ya kai shi mako guda. Yanzu manya sun shiga maganar, an sa rana bayan girbi.

Shi ne ya yi sallama da hantsin nan, lokacin da bai saba zuwa ba. Ta same shi tsaye a zaure. Ya amsa gaisuwarta a taƙaice, ya miƙo mata wayarsa, labarinta ne a buɗe.

"Mubina, wane ne wannan dattijon?"

Watanni uku da suka wuce, a wannan zauren, ya faɗa mata abin da danginsu suka ɓoye shekara shida. Wata cuta ta shiga garken mahaifinsa, Malam Shitu, ta kashe shanu goma sha ɗaya cikin mako biyu. Daga nan hankalin dattijon ya taɓu. Kullum da safe sai ya tafi garken da babu komai a ciki, ya tsaya yana kiran shanun da sunayensu. Aka kai shi wajen 'yan'uwa can nesa aka yi masa magani, aka ce wa mutanen gari ya tafi fatauci. Allah ya ba shi lafiya ya dawo. Zulkifilu ya ce ya faɗa mata ne don kada ta shiga gidansu da abin da ba ta sani ba, ya roƙe ta kada maganar ta fita.

Ba ta faɗa wa kowa da baki ba. Amma hoton dattijon a cikin garke ya hana ta sakat, har ta zauna ta rubuta shi. Ta canja sunan mutane da na gari, sai dai ta bar yawan shanun, ta bar sunayensu, ta bar tsamiyar da walƙiya ta tsaga a bakin garken, don ta ga sun yi wa labarin kyau.

Ta soma cewa ai ƙirƙira ce, ya ɗaga mata hannu. Ya ce wata 'yar garinsu ta karanta wa uwarta, uwar ta gane, magana ta zaga. Jiya dangin Kabir, wanda zai auri ƙanwarsa Sadiƙa, suka zo suka karɓe kayansu, suka ce ba za su haɗa jini da gidan da ke da taɓin hankali ba. Innarsa kuma ta rantse Mubina ba za ta shigo mata gida ba.

"Ban zo yi miki faɗa ba," in ji shi. "Ni na buɗe bakina, laifina ya fi naki. Amma ban san da wace fuska zan kalli Sadiƙa ba."

Bayan tafiyarsa ta goge labarin, amma an riga an kwafe shi an yaɗa. Saƙonnin yabon ba su daina shigowa ba, kowanne ya shigo sai ta ji kamar an mare ta. Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. A na uku ta durƙusa gaban Umma ta faɗi komai tana kuka. Umma ta yi salati ta sanar da Ubangiji, ba ta zage ta ba, ta ce ta ɗauko mayafinta, laifin da aka yi wa mutane a gidansu ake zuwa a ba su haƙuri.

Sun isa Ruwan Bago bayan azahar. Inna Rekiya, mahaifiyar Zulkifilu, ta shimfiɗa wa Umma tabarma ta kawo fura, amma ko kallon Mubina ba ta yi ba. Sadiƙa ta shige ɗaki ta saki labule. Malam Shitu ne ya aiko a kira Mubina. Dogo ne siriri, yana zaune a inuwar rumbu yana tufka igiya. Ya ce kowa a garin ya ji labarinsa sai shi, don haka ta zauna ta karanta masa.

Ta roƙe shi ya yafe mata wannan, ya ce sai ta karanta. Zulkifilu ya ba ta wayarsa. Ta fara karantawa. Da ta zo wajen sunayen shanun sai ta ga ya ajiye igiyar, leɓensa na motsi yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyar ta kai ƙarshe.

Ya ɗago kai ya dube ta.

"'Yata, kin iya rubutu," ya ce. "Haka abin ya faru. Sai dai kin rubuta ciwona, ba ki rubuta wadda ta yi jinyata ba. Sadiƙa tana 'yar shekara goma sha huɗu ta bar makaranta ta bi ni, ita take ba ni abinci a baki, don daga hannunta kaɗai nake karɓa. Nawa na yafe miki. Nata kuwa ba ni da ikon yafewa."

Mubina ta je ƙofar ɗakin ta durƙusa ta ba da haƙuri. Daga bayan labule Sadiƙa ta ce ta ji, ba ta ƙara ko kalma ba.

Aka ɗage bikin Mubina da Zulkifilu ba tare da sa wata rana ba. Ƙawaye suka ce wa Mubina ta rabu da su, samari ba su ƙare ba, ta ce ita ta ɓata, ita za ta jira. Ta daina rubutu gaba ɗaya. Tana zuwa laburare ta share, ta jera littattafai, amma ko ta buɗe ɗaya sai ta riƙa tunanin wa aka tona wa asiri kafin a rubuta shi. Malama Ummu Hani ta ce mata barin alƙalami ba zai mayar wa Sadiƙa komai ba, abin da ya rage mata shi ne ta koyi neman izini. Duk wata Mubina takan bi Umma su je gaishe da Inna Rekiya. Wata huɗu ana amsa mata da kai, a na biyar aka tambaye ta ya hanya.

Kabir bai dawo ba, har ya yi aure a wani gari. Ranar da labarin ya iso Mubina ta wuni a ɗaki. Sai da shekara ta zagayo wani malamin firamare mai suna Abdulsalami ya fito neman Sadiƙa. Malam Shitu ya zaunar da shi ya faɗa masa komai da bakinsa. Abdulsalami ya ce ya sani, kuma yarinyar da ta yi wa ubanta wannan hidima ita yake so ta zama uwar 'ya'yansa.

Mako guda kafin bikin, Sadiƙa ta aiko a kira Mubina. Suka zauna su biyu a ɗaki.

"Ban manta ba, kuma ba na jin zan manta," in ji Sadiƙa. "Amma na gaji da ganin Yaya yana ramewa, ke ma na ga haƙurinki. Na yafe miki. In kina son rubutawa, ki zo ki tambaye ni, ni zan faɗa miki yadda aka yi."

Mubina ta riƙe hannunta, sai hawaye.

Bayan girbin shekarar aka ɗaura aurenta da Zulkifilu, Inna Rekiya da kanta ta riƙo hannunta ta shigar da ita gidan. Ta koma rubutu, kuma masu karatunta sun ƙaru. Sai dai duk yarinyar da ta zo mata da burin zama marubuciya, abin da take fara faɗa mata shi ne, sirrin da aka ba ka don ana son ka amana ce, kuma babu yabon da zai biya hawayen wanda ka tona wa asiri. Wanda kuma ya yi kuskure ya amsa laifinsa, ya jira yafiya da haƙuri, domin mai haƙƙi ne kaɗai ya san ranar da zuciyarsa za ta sauko.