Muryar Mama Dinatu

Ruwa ake tafkawa kamar da bakin ƙwarya safiyar da aka jefo wa Ƙauna jakar kayanta ƙofar gida a Jushi. Yarinyar na durƙushe cikin taɓo, hawaye da ruwan sama sun haɗu a fuskarta, tana kiran tsohon da ya raine ta: "Baba! Baba, don girman Allah ka saurare ni... ban taɓa kome ba!" Amma Baba Dominic yana zaune a falo ya haɗa kai da gwiwa, tsohuwar wayarsa a hannu, ko ɗagowa bai yi ba. Wayyo maraici!

Ƙauna 'yar ƙanwarsa ce. Tana goye iyayenta suka rasu, matarsa Mama Dinatu ta karɓe ta, ta riƙe ta riƙon da har maƙwabta suka manta ba ita ta haife ta ba. Da ciwon ajali ya kwantar da Mama, sai ta riƙa ɗaukar muryarta a wayar mijinta: waƙoƙin Zumuntar Mata ta coci da addu'o'in safe. Bayan an binne ta, wannan muryar ta zama abincin Baba. Kullum kafin ya kurɓi koko sai ya kunna, ya kara a kunne, yana amsa "Amin" kamar tana zaune kusa da shi.

To, ana cikin haka wuta ta ɗauke a unguwar kwana da kwanaki. Ƙauna tana aikin buga wa ɗalibai takardu a wani shagon kwamfuta a Samaru, inda janareta ba ya hutawa, sai ta ce, "Baba, kawo in je in yi maka caji." Ta jona wayar da kwamfuta da kebul na USB, ta cika fam, ta dawo masa da ita da yamma tana murna. Washegari tsoho ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru! Babu waƙa, babu addu'a, babu Dinatu.

Kafin kowa ya buɗe baki, Elizabeth matar babban ɗansa ta dafe ƙirji. Ita dai Elizabeth Allah Ya ba ta kyau da murya, sai dai bai haɗa mata da tausayi ba, kuma ta daɗe tana hararar ɗakin Ƙauna don ta zuba atamfofin da take sayarwa. "Baba, ai na faɗa!" in ji ta. "Wannan igiyan da suke sawa tsotsa yake yi. Yarinyan nan ta kai Mama Samaru, kwamfuta ta shanye ta!" Baba bai san kan waya ba in ban da kunnawa da kashewa. Ya dubi Ƙauna da jajayen idanu ya ce, "Ke kika sa mata igiya?" Ta ce, "Ni ce, Baba, amma caji kawai..." Bai bari ta ƙarasa ba. "Sau biyu ke nan ina binne Dinatu. Tashi ki ba ni wuri."

Da a nan abin ya tsaya ma da sauƙi. Elizabeth ta hau mota har Samaru, ta tsaya ƙofar shagon tana shelar cewa a nan ake kwashe wa mutane sirrin waya. Ɗalibai suka zare wayoyinsu, mai shago ya ga kasuwarsa za ta mutu, ya sallami Ƙauna a ranar. A coci kuwa matan da suka yi waƙa da Mama suka riƙa matsawa in ta zauna. Ita da ta wanke Mama a gadon asibiti, yau ita ce mai shafe muryarta!

Madam Akunna ce ta tsince ta tana kuka a bakin kasuwar Sabon Gari. Wata Inyamura ce mai faɗa da baki, mai taushin zuciya, tana da shagon buga hotuna da kalanda. "Kuka ba ya biyan kuɗin mota, my dear. Kin iya kwamfuta? Oya, tashi!" Ta ba ta aiki, ta ba ta katifa a ɗakin 'ya'yanta, ta riƙa tura mata tuwo tana zaginta da ramewa. Ƙauna ba ta kai ƙarar kowa ba. Addu'arta ɗaya ce kullum: "Ya Ubangiji, ko ba Ka wanke ni ba, Ka mayar wa Baba da muryar Mama, kada baƙin ciki ya kashe shi..." Don tana jin labari tsohon ya daina cin abinci sosai, wandonsa har sai ya ɗaure da igiya.

Damina ta wuce, lokacin sujadar tunawa da Mama ya zo. Al'ada ce a buga babban hoton mamaci a rataya a gaban coci, a kuma raba kalanda. Elizabeth, uwar son a gani, ta ce ita za ta tsaya a kai, ta sa Baba a gaba har shagon da aka ce ya fi kowa iya bugu a Sabon Gari, ba su san na Akunna ba ne. Ƙauna na ɗakin ciki tana yanka takarda ta jiyo tarin da ko cikin barci za ta gane mai shi. Ta laɓe bayan labule tana leƙen yadda Baba ya tsufa.

"Zan tura miki hoton ta WhatsApp," in ji Elizabeth.

"A'a, Madam," in ji Akunna. "Hoton WhatsApp in an buga shi babba fuska na farfashewa. Kawo wayan in sa kebul."

Aka jona. Akunna ta ce ta danna inda waya ke tambayar izinin buɗe fayil, Elizabeth ta danna tana taunar cingam. Ma'aji biyu suka bayyana a allon: na waya, da na katin memori. Akunna ta shiga na katin tana laluben hoto, hannunta ya faɗa kan wani fayil, lasifikar shagon kuwa a kunne take...

"Ya Uba, ga mijina Dominic, Ka riƙe shi in na tafi, Ka san ba ya cin abinci sai an matsa masa. Ga Ƙauna 'yata, marainiyarKa ce, kada Ka bari kowa ya sa ta kuka..."

Sandar Baba ta faɗi ƙasa. "Dinatu!" Ya miƙe yana dube-dube kamar zai gan ta a bayan kwamfuta. Akunna ta dafe kai: "Chineke! Madam, me muryan nan ke yi a wayanki?"

Cingam ya tsaya wa Elizabeth a baki. Ta ce ba ta sani ba, ta ce tura mata aka yi, daga baya ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya. Wayarta ce ta cika ana gobe bikin ƙawarta, ta lallaɓa ta zare katin wayar Baba ta sa a tata. Da ta ga hankalinsa ya tashi, sai ta ga hanyar samun ɗaki. Gogewa kuwa ta kasa, don tana tsoron shafe muryar mamaciya. Ta ji tsoron wadda ke kabari, ba ta ji tsoron Allah a kan mai rai ba!

"Ina Ƙauna?" in ji Baba. "Jama'a, ina zan ga yarinyata?"

Akunna ta yaye labule. Tsohon nan mai furfura ya yi niyyar durƙusawa, Ƙauna ta rugo ta tare shi. "Haba Baba! Kada ka yi mini haka, ni 'yarka ce!" Suka rungume juna suna kuka, Akunna na share hawaye da gefen zani tana faɗan an cika mata shago.

Dattawan ikilisiya suka sa Elizabeth a ƙarƙashin horo. Ta tsaya gaban jama'a ta wanke Ƙauna da bakinta, aka mayar da ita bencin baya, mijinta kuma ya ce ta je gidansu tukuna ta yi tunani. Atamfofinta da hannunta ta kwashe daga ɗakin.

Safiyar farko da Ƙauna ta kwana gida, ta kawo wa Baba koko, ta miƙa masa wayar da aka mayar wa katinta, ta ce ya kunna. Ya karɓa, ya juya ta, ya ajiye a kan tebur.

"Anjima zan ji ta. Wata da watanni ina kukan muryar da ta tafi, na kori wadda Allah Ya bar mini. Ke za ki yi mana addu'a yau."

Ƙauna ta rufe ido, ta buɗe baki, kuka ya hana ta. Baba ya riƙe hannunta ya jira, bai ce ta yi sauri ba.

Allah Ya share hawayen kowane maraya, Ya kuma ba masu riƙonsu kunnen sauraro.