Shamuwar Kaka Doncho Ta Ɓace a Kwamfuta

A garin Ruse, a hawa na shida na wani bene, akwai wata yarinya mai suna Neda. Tana zaune da mamanta da kakanta Doncho. Neda akwai son gyara abin da ba a sa ta ba.

Tun farkon watan Maris Kaka ya ɗaura wani zare ja da fari a hannu, kamar kowa a Bulgeriya. Ba a kwance shi sai an ga shamuwar farko ta shekara. To, ciwon gwiwa ya hana Kaka sauka, shamuwa kuma ba ta ziyarar hawa na shida.

Sa'arsa ɗaya, an kafa kyamara a kan sheƙar shamuwa a ƙauyen da aka haife shi. Wani baƙo ne ya taɓa ajiye masa alamar shafin a burauza, wato manhajar shiga intanet, kuma ba wanda ya san adireshin. Kullum da safe Kaka yakan danna alamar, ya zauna gadin sheƙa. Iyakar iliminsa na kwamfuta ke nan.

Ranar Asabar Neda ta ga alamomin da ke burauzar sun yi mata yawa. Ta goge su kakaf, har tana yaba wa kanta tsafta.

Washegari Kaka ya nemi alamarsa ya rasa. Ya goge tabarau, ya leƙa bayan kwamfuta. Ya ɗaga allon madannai ya girgiza, sai ɓurɓushin burodi ya zubo.

"Ke 'yar nan, ina aka kai mini ƙauyena?"

Neda ta ce wataƙila intanet ce ta haɗiye shi. Kaka bai yi faɗa ba. Ya ce shi ke nan, bana shamuwa za ta iso ba mai tarbarta. Ya kuma rantse ba zai kwance zaren ba ko da za a kai Kirsimeti. Mama ta ce ai tun yanzu ma zaren ƙamshin miyar wake yake yi.

Tausayi da kunya suka kama Neda. Ta duba kwandon sharar kwamfuta, ta duba foldar hotuna, har ta waƙoƙi, ko shamuwa ta shiga can. Ba ta samu komai ba.

Ranar Litinin ta faɗa wa Malama Gerginova, mai koya musu kwamfuta, duk abin da ya faru.

"Alamomi ba sa faɗawa kwandon shara," in ji malama. "Burauza tana da foldarta a ɓoye, a cikin foldar mai kwamfutar. Irin taku kuma tana ajiye kwafin kwanakin baya a can. Amma kafin ki taɓa komai, ki faɗa wa kakanki gaskiya."

Wannan ya fi neman folda wuya. Da ta koma gida ta tsaya gabansa, kai a sunkuye.

"Kaka, ni na goge. Ka yi haƙuri."

"Au, ashe ke ce intanet ɗin? Ja'ira, kin haɗiye ƙauye guda, kuma kin ci abincin rana?"

Mama ta zauna kusa da ita. Suka sa kwamfuta ta nuna ɓoyayyun foldoji, suka gano kwafin ranar Juma'a, suka maido shi. Kaka ya danna alamarsa. Sai ga shamuwa a cikin sheƙa, tsaye da ƙafa ɗaya.

"Kun gani," in ji shi, idonsa ya kawo ruwa don murna. "Ita ma gwiwa ke damunta, amma ta zo."

Neda ta kwance masa zaren. Ta sauka a guje ta ɗaura shi a itacen da ya yi fure, yadda ake yi, Kaka yana kallonta ta taga.

Daga ranar Neda ta koyi cewa ba a goge abin wani sai an tambaye shi. In kuma an yi kuskure, a faɗi gaskiya da wuri.