Kwalba Mai Lamba Sha Bakwai

Da allura a hannu Renske ta fara ganin Tjebbe. Sabon zuwa ne a ɗakin bincikensu na birnin Groningen, inda suke farautar sinadarin da ke zuga garkuwar jiki ta ci gaɓoɓin mai ita, ko a samu inda magani zai kama. Al'adar ɗakin kuwa, in ana neman jinin mai lafiya don a gwada da na majinyata, hannun sabon zuwa ake kamawa. Ƙato guda ya miƙa hannu ya runtse ido! Ta yi masa dariya har ya ƙule. Kafin wata huɗu kekensa ya haddace hanyar gidansu.

Sai ga sakamako. Kwalba mai lamba sha bakwai, ta layin masu lafiya, ta fi na majinyata nuna alamar amosanin gaɓɓai. Sau uku Renske ta maimaita gwajin. Ta san mai lambar, ita ta rubuta.

Da ta gaya wa Tjebbe tasa ce, ya daɗe yana kallon yatsunsa, waɗanda ko sau ɗaya ba su taɓa yi masa ciwo ba.

Babanta Sjoerd ya ce sam, ba maganar aure. Shekara ashirin yana saka wa matarsa maɓalli saboda wannan ciwon, ba zai ga 'yarsa ta ɗauki kayan da ya ɗauka ba.

Washegari saƙon Tjebbe ya shigo: "Zumata, Baba ya yi gaskiya. Ki bar ni tun ina iya ɗaga hannu in yi miki bankwana."

Tana kuka ta karanta musu a kan teburin abinci. Mamanta, wadda ba ta cika magana ba, ta ajiye cokali da kyar.

"Ashe kaya nake, Sjoerd? Ban sani ba sai yau."

Renske ba ta taɓa ganin babanta ya kaɗu haka ba. Ya juya ya kalli matarsa.

"Da an nuna min taki kwalbar tun ranar farko, da ke ɗin dai zan aura."

Da bazara aka ɗaura auren, Sjoerd da kansa ya riƙo hannun amarya ya damƙa wa Tjebbe. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa maganin ya fito daga hannunsu.