Ƙoƙon Marigayi Wálter

Da la'asar sakaliya ana zaune a tsakar gidan Doña Graciela a garin Tacuarembó, ana shan mate, shayin ganye na ƙasar, kamar kullum. Ita ce riƙe da filas. Ta zuba ruwan zafi a kan ganyen, ta miƙa wa mutum ƙoƙon, ya zuƙe ta bututun ƙarfe ya maido mata, ta cika wa na gaba. Ƙoƙon na mijinta ne, marigayi Wálter. Ya yi baƙi ƙirin don tsufa, kuma tun da aka fafe shi bai taɓa ganin sabulu ko sukari ba.

Ta ba 'yarta Maite. Ta ba Facundo, ɗan mai garken shanu, wanda take yi wa Maite kwaɗayinsa. Da aka zo kan Nahuel, saurayin da Maite ke so, sai hannunta ya tsallake shi kamar babu kowa a kujerar. Alhali a garin nan ko mai tambayar hanya ya tarar ana sha, ba a tsallake shi.

"Mama, kin manta da Nahuel," in ji Maite.

"Ban manta ba. Ganyen ne ya salance." Ta kuwa cika ƙoƙon ta sake miƙa wa Facundo.

Nahuel ɗalibi ne, ɗan mai gasa burodi, kuma laifinsa ke nan. Ya yi sallama cikin ladabi ya fita.

Hutun Satumba ya matso, sanyi ya ja baya, Maite da ƙawayenta na jami'a sun shirya tafiya bakin teku a Florianópolis, can Brazil. Nan uwar ta kafa sharaɗi.

"Za ki je, amma ban da wancan. Facundo ne zai kula da ke." Sai ta naɗe ƙoƙon a ƙyalle ta ɗora a hannun Facundo. "Riƙe, ɗana. Kai za ka riƙa zuba musu a hanya."

Maite ta gane nufin uwar. Ta san wanda Mama ta damƙa wa ƙoƙon nan, shi ta damƙa wa 'yarta. Ta ruga wurin Nahuel tana kuka.

"Ka biyo mu a ɓoye! Wa zai gaya mata?"

"Ni zan sani," in ji shi. "Maite, ba zan shiga gidanku ta taga ba. Je ki ki huta, ina nan."

Har bas ta tsallaka iyaka Facundo mutumin kirki ne. Ana shiga Brazil kuwa, sai ka ce wani aka sauya. Ya tuɓe riga, ya ɗaura ta a ka, ya hau yi wa direba ihu. A gidan da suka kama haya, kafin rana ta yi tsaka falo ya cika da kwalabe, ƙashin kaza a kan kujera, jiƙaƙƙen wando a kan teburin abinci. Warin wurin kaɗai ya isa ya hana mutum cin abinci.

"Kai, wannan ne angon da Mamarki ta zaɓa?" Ximena, aminiyar Maite, ta toshe hanci. "Wallahi shanun ubansa sun fi shi tsafta!"

Abin da ya ƙarasa Maite a bakin teku ya faru, ido na ganin ido. Facundo ya zaro ƙoƙon, ya zazzage ganyen a yashi, ya tsiyaya giyar rake a ciki, ya antaya sukari, ya matse lemun tsami, ya dama da bututun kamar mai dama kunu. Ya bi 'yan matan da bai taɓa gani ba yana ɗura musu, abokansa na tafi.

"Facundo! Na babana ne!"

"Haba, 'yar ƙauye, saki jikinki! Tsohon ma da yana nan da ya ɗan kurɓa!"

Maite ta juya ta bar wurin. Ta kira uwarta ta faɗa mata komai.

"Makircin ɗan mai burodi ne ke bakinki," in ji Doña Graciela. "Facundo ɗan gidan mutunci ne." Ta kashe wayar.

Ranar da za su dawo Maite ta nemi ƙoƙon ta rasa. A kwandon shara ta same shi, a bayan gidan, ƙarƙashin ɓawon ayaba da aman wani, cike da guntayen taba. Ƙudaje suka tashi buuu! Ta sa hannu ta ciro shi, tana kuka, ta ƙulle shi a leda.

Suna isa gida ta wuce da shi wurin Nahuel. Ya buɗe ledar, ya kau da kai don wari. Ya kankare cikin ƙoƙon da cokali, ya ɗauraye da tafasasshen ruwa, ya cika da jiƙaƙƙen ganye ya ajiye ya kwana. Kashegari ya sake, haka ya yi ta yi har warin ya fita.

Ita kuwa Doña Graciela, Facundo ya ce mata zai kawo ƙoƙon ranar Lahadi, wurin gashin nama. Ya zo kuwa, tsaf da shi, yana ƙamshin turare, ya ajiye mata kwali. Ta buɗe: sabon ƙoƙo fil, mai bakin azurfa, yana walƙiya.

"Ina na Wálter?"

"Wancan tsohon? Ai ya ƙare, Doña, na jefar. Wannan ya ninka shi tsada."

"Ka... jefar?" Ta dafe ƙirji. Ta dubi sabon ƙoƙon kamar an ajiye mata mushen ɓera a faranti. "A hannunka na sa shi, Facundo. A hannunka!"

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Nahuel ne, ya tsaya daga waje bai shigo ba, ya miƙa wa Maite ƙullin ƙyalle.

"Ki ba Doña. A gafarce ni, akwai ɗan tabon wuta a ciki da ya ƙi fita."

Ya juya zai tafi. Doña Graciela ta kwance ƙullin, ta shinshina ƙoƙon, ta shafa tabon da yatsa. Hawaye suka zubo mata. Ta tuna abin da 'yarta ta faɗa a waya, kunya ta rufe ta.

"Dawo, yaro. Shigo ka zauna."

Ta zuba ganye, ta cika, ta shanye na farko da kanta kamar yadda mai zubawa ke yi. Ta sake cikawa. Facundo ya miƙo hannu. Ƙoƙon ya wuce ta gaban hancinsa ya sauka a hannun Nahuel.

"Ni na yi wauta," in ji ta. "Na auna mutum da garken ubansa. Wanda ya wulaƙanta amanar ƙoƙo, haka zai yi da 'yar mutane. Wanda kuwa aka tsallake ya yi haƙuri, har ya gyara abin wadda ta tsallake shi, shi ne ɗan da nake nema. Sha, ɗana."

Maite ta rufe fuska tana kuka tana dariya. Nahuel ya zuƙe har ƙoƙon ya yi ƙara.

"Doña, ni fa?" in ji Facundo.

Ba ta ko dube shi ba. "Ganyen ya salance."