Ƙasusuwan Kakan Fotini

Sufeto Lambros ya tsani aikin ƙauye, inda kowa ya san gaskiya amma ba mai faɗa. Da hantsi aka kira shi ɗakin bayan coci, inda ake jera akwatinan ƙasusuwan matattu bayan an tone su.

Wata mata Fotini ce ta kai ƙara. Takanas ta zo daga Ostiraliya, ta bi littafin binne mutane na cocin har ta gano akwatin kakanta. Ta samo izinin tafiya da shi, gari ya waye babu akwati.

Ba a fasa kwaɗo ba. Katakon da akwatin ya zauna a kai ya yi baƙi ƙirin da man fitila na shekara da shekaru.

"Wa ya rage muku a garin nan?" Lambros ya tambayi Fotini.

"Ko kare. Tun bayan yaƙin basasa muka tashi."

Ya nufi Fada Yerasimos, limamin cocin.

"Makulli ɗaya ne, kullum yana aljihuna," in ji Fada.

"To Fada, kai ne ɓarawon ke nan."

Fada ya yi tari. "Stamatia mai shara takan ara."

Stamatia tsohuwa ce tukuf cikin baƙaƙen kaya. Ta tare shi a bakin ƙofar gidanta.

"Ni da ƙafa ta ƙi, me zai kai ni can, ɗan nan?"

Gidan sai ƙamshin giyar inabi yake. Lambros ya san wannan ƙamshi, da irin wannan giya ya wanke ƙasusuwan uwarsa. Ya ratsa ta gefenta, ya yaye farin ƙyallen da ke kan gado. Ƙoƙon kai biyu ne, ɗaya da hudar harsashi.

Ta zauna jaɓar.

"Mai hudar babana ne. Ƙarshen yaƙi suka harbe shi a kwazazzabo, suka hana a binne shi. Daga baya uwata ta tsinto shi, ta zuba a akwatin waɗanda suka tafi, tunda ba mai zuwa dubawa. Ni nake kunna masa fitila. Yanzu wata ta zo da takarda za ta kai min uba bangon duniya!"

"Me ya hana ki cire naki ki mayar da nasu, Iya?"

"Ƙoƙon kansa kaɗai na gane. Sauran sun gauraye. Raba su in ka iya."

Abin ya yi wa Lambros ɗaci. Suna ɗaya ne a littafi, ita kuwa doka littafi take ji. Za a riƙe ƙoƙon mai huda a matsayin shaida, sauran duka na Fotini ne.

Ya kama hannunta zuwa mota. A bakin ƙofar motar ta ja ta tsaya.

"Ɗan nan, akwai sanyi a can inda za a kai shi? Ko riga babu a jikinsa suka harbe shi."